Kyautar Bazden 'Yar Fari

Afafa, Legas
9 ga Janairu, 1977

Zuwa ga Yaya Lubabatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kina lafiya, da maigidanki Malam Ya'u, da yara, da ɗalibanki na firamare. Yaya Inna a Utai? Yaya mutanen gidana? Mu nan lafiya ƙalau, sai aiki. Jiragen ruwa sun yi layi a bakin teku har ido ba ya ganin ƙarshensu, mu akawuna kuwa rubutu muke tun safe har yatsa ya yi kanta.

Dalilin wannan takarda shi ne neman shawara. Akwai wata al'ada a nan da ake kira bazde. Idan ranar da aka haifi yaro ta zagayo, sai a tara mutane a ci a sha, kowa ya kawo wa yaron kyauta. Abokin aikina Mista Fashina ya gayyace ni na ɗansa, na je na gani, ban kuma ga wani laifi a ciki ba.

To, na duba kalanda na ga 'yarki ta gidana za ta cika shekara biyu ranar 28 ga Maris. Na nemi hutu a lokacin, an ba ni. Ina so in zo da wani abu, sai dai ban san abin da mai irin waɗannan shekaru take so ba. Sau biyu ina shiga babban kanti ina fitowa hannu rabbana. Ke malama ce, kin san yara.

Kada ki ɗauka wani abu ne. Al'adar ce kawai ta ba ni sha'awa. Kuma ba sai Inna ta ji ba.

Ki ba Haladu amsa, direban motar shanun nan da ya kawo miki wannan. Duk Juma'a yana lodi a karar Wudil, kuma ya fi gidan waya sauri.

Na bar ki lafiya.
Ƙanenki,
Hashimu

Wudil
14 ga Janairu, 1977

Zuwa ga ƙanena Hashimu, mutumin Ikko,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta same mu lafiya. Malam yana amsawa, Inna lafiya lau, matarka Salamatu ma haka. Yaya ruwan teku, yaya sauro?

Na karanta takardar nan na sake karantawa ina neman sunan wannan 'ya tawa, ban gani ba. Har baya na juya, ko can ka ɓoye shi. Sunanta Saudatu, in ka manta. Na san dai kunyar 'yar fari ce: uba ba ya kiran sunanta, ba ya ɗaukarta a gaban mutane, ba ya ko tambayar lafiyarta. Amma takarda ba ta da ido, Hashimu, biron ma ba zai kai ƙararka wurin Inna ba.

Wannan bazde kuwa ya hana ni sakat. Ana yanka rago ne kamar suna? Liman yana zuwa? Wanzami fa? Kuma duk shekara ake yi, har mutum ya yi furfura? In haka ne ina jira, don ni ba a taɓa yi mini ba. Na tambayi wata malama 'yar kudu a makarantarmu, ta ce ana kunna kyandir a kan wani burodi mai zaƙi, sai a ce yaro ya hure shi. To me ya sa aka kunna tun farko? Ka yi mini bayani dalla-dalla.

Tunda ba za ka tambaya ba, bari in ba ka labari ba tambaya. Saudatu tana gudu yanzu, ba tafiya ba. Haƙora sun cika baki. Babban aikinta shi ne ta ga abin da ke cikin abu. Ba murfin tukunyar da bai san hannunta ba. Jiya na same ta ta cusa kai cikin tulu tana cewa "waye?", tulun yana amsa mata, tana ta ƙyaƙyata dariya. In aka ba ta madubi, ba fuskarta take kallo ba, bayansa take leƙawa ta kama yarinyar da ke ciki.

Abin da take so kuwa: ludayi, ƙoƙo, takalmin babba, da wutsiyar akuya. Duk muna da su a Wudil.

Amma ka tuna Babbar Sallah da ka zo, yadda ta ƙwala ihu da ta gan ka ta shige bayan zanin uwarta, kai kuma ka kau da kai kamar ba ka ji ba don gida cike yake da baƙi? Na ga fuskarka a ranar. Kar ka ce mini al'ada ce kawai ta ba ka sha'awa.

A gaida mutanen teku.
Yayarka,
Lubabatu

Afafa, Legas
23 ga Janairu, 1977

Zuwa ga Yaya Lubabatu,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fata kowa lafiya. Na ga saƙonki, na gode.

Amsar tambayoyinki: ba a yanka rago, liman ba ya zuwa, wanzami ba shi da aiki a wurin. Burodin sunansa kek. Kyandir ɗaya a kan kowace shekara. Dalilin hurewa na tambayi Mista Fashina, ya ce shi ma bai sani ba, haka ya tarar ana yi. Abin da ya fi tsaya mini shi ne, uban yaron ya ɗauke shi ya ɗora a wuya a gaban surukansa, yana kiran sunansa da ƙarfi, kowa yana tafi, ba wanda ya sunkuyar da kai sai ni.

Maganar Sallah kuwa, Yaya, a bar ta.

Ga kaya nan a hannun Haladu, na gwaji ne kafin ranar. Na ɗaya 'yar tsana ce ta Turawa, in an kwantar da ita tana rufe ido, in an tashe ta tana buɗewa. Na biyu takalmi ne ja mai kuka, duk taku sai ya yi ƙara. Mai kantin ta tambaye ni girman ƙafa, na gwada mata da yatsuna yadda na tuna. Ki duba wanda ya fi karɓuwa ki sanar da ni, don in san inda zan dosa.

Akwai kuma labari. An ba ni ciki da falo a gidajen ma'aikata. Nufina idan na zo hutu in taho da mutanen gidana gaba ɗaya. Na ce gaba ɗaya.

Wannan magana ta tulu, da gaske ita ce take cewa "waye"? Tana haɗa kalmomi ke nan?

Wassalam.
Ƙanenki,
Hashimu

Wudil
4 ga Fabrairu, 1977

Hashimu,

Gaisuwa mai yawa. Kaya sun iso, suna ɗan warin shanu amma lafiya.

'Yar tsana ta yi kwana ɗaya da ido biyu. Saudatu ta kwantar da ita ta tashe ta, ta kwantar ta tashe, sannan ta zauna ta yi shiru, irin shirun da in ta yi shi Salamatu ke ajiye muciya ta leƙo. Kafin a ankara ta sa yatsa ta tura ido ɗaya ciki don ta ga mai rufe shi. Yanzu baiwar Allah tana kwance a bayan randa da ido guda, yaran maƙwabta suna tsoronta. Saudatu ta koma goyon ludayinta.

Takalmi kuwa, Hashimu, wa ka saya wa? Ko babban yatsanta bai shiga ba. Ƙafar ranar suna ka tuna. Ga tsinken tsintsiya nan cikin takarda, na auna tun daga diddige har yatsa na karya daidai. Wannan ita ce ƙafar 'yarka.

Yanzu ka gyara zama. Kai da kalandar ofis kake lissafi, Inna kuwa da wata take yi. An haifi yarinyar nan a watan Mauludi, tsakanin Mauludi da Takutaha. A lissafin Inna, da wannan watan ya kama ya kai tsakiya ta cika shekara biyu, lokacin yaye ya yi. Na duba, farkon Maris ke nan, kusan sati uku kafin ranar da ka sa hutunka. Kafin ka sauka daga jirgi an riga an kai ta Utai.

Kuma ba yaye kaɗai ba ne. Shekaranjiya Inna ta zo. Na ba ta labarin ciki da falo, ban taɓo bazde ba. Ta yi murna, ta sa albarka, sannan ta ce, "Madalla. Ita Salamatu sai ta bi mijinta da sauƙin jiki. Yarinya kuwa ai ta samu gida, me za ta yi a garin da ba tuwo?" Har ta sa an yi wa ɗakinta sabon daɓe, ta sayi 'yar akuya ta ce ta Saudatu ce. Ka san tun rasuwar Baba ita kaɗai take kwana a ɗakin nan.

Kai ne uba. In kana son 'yarka ta bi ka, sai ka buɗe baki. In ka yi shiru, a Utai za ta girma, ka riƙa zuwa Sallah tana shigewa bayan zani.

Ga 'yar takarda daga Salamatu. Sai da na yi da gaske ta yarda ta rubuta.

Yayarka,
Lubabatu

Wudil
4 ga Fabrairu, 1977

Zuwa ga Maigida,

Bayan gaisuwa da ladabi, ina fata kana lafiya, yaya aiki, yaya zaman kaɗaici. Mu nan lafiya, alhamdu lillahi. Mun ga saƙo, Allah ya ƙara buɗi.

Na ji maganar gida, Allah ya sanya alheri. Duk abin da kuka yanke kai da Inna daidai ne, ni mai bi ce.

'Yar Yaya tana lafiya. Takalmin bai shiga ba, amma tana sa shi a hannu tana tafawa don ya yi kuka. Ban taɓa kwana ba tare da ita ba. Ba wai ina cewa komai ba ne.

A huta lafiya.
Taka,
Salamatu

Afafa, Legas
13 ga Fabrairu, 1977

Yaya Lubabatu,

Bayan gaisuwa. Takardunku sun zo, kuma sun tayar mini da hankali. Na je wurin shugabanmu in matso da hutu, ya nuna mini jiragen da ke jira ta taga. Ranar tana nan yadda take.

Kin ce in buɗe baki. Yaya, da wane bakin? In tsaya gaban Inna in ce ina son 'yata ta fari a kusa da ni? Kin san abin da za a ce a Utai: Legas ta cinye masa kunya. Kuma in raba tsohuwa da abin da ta riga ta yi wa daɓe? Na fara rubuta mata takarda don ki karanta mata, ban wuce gaisuwa ba.

Tsinken yana aljihun rigata. Na ɗora shi a tafin hannuna, ya kusa kai tsawonsa. Ban san ta kai haka ba. Rannan na zaro biro a ofis ya faɗo, Mista Fashina ya ɗauka zai jefar, sai da na riƙe masa hannu.

Na yi tunanin abin da kika ce, cewa tana son ta ga abin da ke cikin abu. Ga rikoda nan na saya, da batir, da kaset ɗaya da na yi magana a ciki. Maɓalli na biyu daga hagu za ki danna. Ko da a Utai za ta zauna, aƙalla in na zo muryar ba za ta zame mata baƙuwa ba. Wannan ita ce kyautar, in kin ga ta yi.

Ƙanenki,
Hashimu

Wudil
18 ga Fabrairu, 1977

Hashimu,

Gaisuwa. Rikoda ta iso, kuma ta tara mana mutane kamar ana rabon goro. Dabararka ta yi, wannan kam na yaba. Kaset ɗinka ne bai yi ba, ga shi nan na mayar maka.

Mun zauna a tsakar gida na danna. Sai ga ka kamar mai karanta labarai a rediyo: "Ina gaida Inna, ina gaida Baffa Ƙasimu, ina gaida Malam Ya'u." Ka gaida mai unguwa. Ka gaida mai shayin bakin gada. Ka ba mu labarin cunkoson motoci da tsadar doya. Can a ƙarshe ka yi tari ka ce, "da sauran yara." Salamatu ta tashi ta shige ɗaki. Saudatu ta leƙa bayan akwatin sau ɗaya, ta ga ba da ita ake ba, ta koma wurin akuya.

Yaro ɗan shekara biyu kalma ɗaya ya sani tabbas a duniya, sunansa. In ba ka kira ba, kai rediyo ne kawai.

Bari in gaya maka abin da kai ba za ka sani ba, don kai auta ne, a cinya ka girma. Ni ce 'yar fari a gidanmu. An yaye ni a Kausani wurin kaka, can na zauna har na shiga makaranta. Baba mutumin kirki ne, ban rasa komai ba. Yakan zo da rake da ƙosai ya ajiye a zaure ya ce "a ba yara", alhali ni kaɗai ce yarinya a gidan. Na san nawa ne. Amma har ya koma ga Allah ban taɓa jin yadda sunana yake fita a bakinsa ba, kuma har yau abin yana ci mini rai. Wani lokaci ina cikin aji sai in kama kaina ina gwadawa, da kaurin murya zai faɗa ko a hankali? Inna ma har gobe "ke" take ce mini, in ta so girmamawa ta ce "Malama".

Ban ce al'adar banza ba ce. Na san kunya ce ta so, ba ta ƙi ba. Amma yaro bai san haka ba sai ya girma, wani ma sai ya yi latti.

Kana da ɗaki, kana da ƙofa. Rufe ta, ka ari rikodar Mista Fashina, ka yi wa yarinya magana. Watan Mauludi ya kusa tsayawa.

Yayarka,
Lubabatu

Afafa, Legas
27 ga Fabrairu, 1977

Yaya,

Bayan gaisuwa. Ban san wannan magana ta Baba ba. Na daɗe zaune da takardarki a hannu.

Yau Lahadi da hantsi na rufe ƙofa da taga na yi. Sau biyu ina gogewa. Na farko murya ta maƙale. Na biyu maƙwabci ya buga ƙofa yana tambaya ko lafiya, don ya ji ina kukan jirgin ruwa. Na ukun ne wannan, ban saurara ba don in na saurara ba zan aiko ba.

Roƙona ɗaya: a ɗakinki za ki sa mata, ke da ita. Kada Inna ta ji. Ki yi mini wannan alƙawari.

Ƙanenki,
Hashimu

Wudil
18 ga Maris, 1977

Zuwa ga Hashimu,

Gaisuwa mai yawa, da ban haƙuri a kan jinkiri. Alƙawarin da ka nema ban ɗauka ba, saboda haka ban karya ba. Ka karanta har ƙarshe kafin ka yi fushi.

Ranar da kaset ya iso na sa mata a ɗakina kamar yadda ka ce. Da ka ce "Saudatu", cak ta tsaya da ludayi a hannu. Ka sake cewa "Saudatu, waye? Baba ne." Ta zagaya bayan akwatin. Ta ɗaga shi ta duba ƙasa. Ta manna ido a 'yan ramukan da murya ke fita. Da ka yi kukan jirgi ta faɗi zaune don dariya, da ka yi na akuya ta amsa maka. Wai ashe ka iya waƙar reno? Salamatu tana bakin ƙofa, ta ce hayaƙi ne ya shige mata ido, alhali ba a hura wuta ba.

Bayan Mauludi da kwana biyu muka kai ta Utai. Inna ta yanka kaza, ta dama kunu, an kawo rubutu, komai yadda ake yi. Salamatu ta sulale ta dawo Wudil. Ni na zauna, rikoda tana ƙasan jakata.

Hashimu, na ga yaye da yawa, ban ga irin wannan ba. Ta ƙi kunu, ta ƙi kaza, ta ƙi goyo. 'Yar akuyar ma ko kallo. Kwana biyu tana kuka har murya ta dishe. Rana ta uku da la'asar Inna ta zauna a tabarma ta rasa yadda za ta yi, Baffa Ƙasimu yana tsaye, maƙwabta mata sun cika gida kowa da shawararta. Na ce a raina kunyar Hashimu ba ta kai wannan ba. Na fito da akwati na danna.

Sai ga muryarka ta cika gida. Kana ta "Saudatu, Saudatu 'yar Baba, ci abinci ki girma ki zo ki ga jirgi." Wata tsohuwa ta kama baki ta ce, "La ilaha! Auta ne wannan? 'Yar fari?" Baffa Ƙasimu ya tuna yana da aiki a gona. Ni kaina na ji kunyar ta kama ni. Amma yarinya ta yi shiru, ta rarrafo ta rungume akwatin, Inna ta miƙa ludayin kunu ta bayansa, ta buɗe baki ta sha.

Inna ta jira har kaset ya ƙare. Ta ce, "Mayar." Na mayar. Ta saurara har ƙarshe, kanta a ƙasa. Sannan ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Da a zamaninmu akwai irin wannan akwati..." Ba ta ƙarasa ba. Ta tashi ta shiga ɗaki ta daɗe. Ni ma na zagaya bayan rumbu na yi kukana, ba zan ɓoye maka ba.

Na koya mata maɓallin, na bar mata sababbin batir, na dawo bakin aiki. Asabar da ta wuce na koma. Yarinya ta murmure, tana bin kaji, duk inda ta yi tana jan akwatin da igiyarsa tana cewa "Baba ciki". Ina zama Inna ta rufe ni da faɗa. Wai wannan abu ya ishe ta, ya hana ta jin kiran salla, ga shi batir ya mutu tun jiya yarinya tana ta rigima, ita ba ta da ƙarfin zuwa Wudil sayen batir duk kasuwa. Ta ce, "Ki rubuta wa wancan marar kunyar, in ya zo ya kwashi iyalinsa gaba ɗaya. Ya kai ta inda muryar ba ta cin batir. Ni na tsufa da wannan wahala."

Na ce to. Da na shiga ɗakinta ɗauko mayafina, na ɗaga murfin kwallar da take ajiye goro. Batir ɗin da na bar mata suna ciki, sababbi fil, ko takardarsu ba a ɓare ba. Na mayar da murfin yadda na same shi.

Ka san abin da ta ba ka, kuma ka san abin da ya rage mata: sabon daɓe da 'yar akuya. In ka zo, kada ka yi mata godiya, za ka ɓata mata shiri. Ka durƙusa ka karɓi faɗanka kawai.

Saura magana ɗaya. Akwati ya yi nasa. Ranar da ka shiga gidan Inna yarinya za ta ga baƙo dogo mai agogo, za ta nemi bayan zani. Inna za ta kasance a wurin, da Baffa, da duk tsofaffin Utai, don labari ya zaga. Ba ƙofar da za ka rufe. Me za ka yi?

Kek ɗin fa, mu yi da masa ko da alkaki? Kyandir dai na samu guda biyu, kuma har yanzu ba wanda ya gaya mini dalilin hure su.

Yayarka,
Lubabatu

Afafa, Legas
22 ga Maris, 1977

Yaya Lubabatu,

Bayan gaisuwa da godiya. Ban yi fushi ba. Jibi zan hau jirgin ƙasa, in Allah ya yarda.

A yi da alkaki. Rikoda za ta zauna wurin Inna. Na sayo sabon kaset, kafin mu taho za mu cika mata shi da surutun jikarta. Ba zan yi maganar batir ba.

Takalmi na sake saya, da tsinke na auna.

Ki ce wa Salamatu ta fara haɗa kaya, na mutum biyu. Ki ce wa Inna marar kunya yana tafe. Ki ce wa Saudatu mutumin cikin akwati ya fito, kuma daga zaure zai fara kiranta.

Sai mun haɗu.
Ƙanenki,
Hashimu, baban Saudatu